Wa Ke Fakewa da Ƙaddara?

Mas'alar ƙaddara da zaɓin bawa, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan malamanmu cikin littattafan tauhidi na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, tun farkon tasowarta da ƙurar siyasa ta taso. A zamanin Banu Umayya, idan talakawa suka koka da zalunci, hujja mafi sauƙi ga 'yan fada ita ce Allah ne Ya hukunta. Shi ya sa waɗanda suka ce bawa ne ke ɗauke da alhakin aikinsa, irin su Ma'abad al-Juhani na Basra da Gailan na Dimashƙa, wanda Halifa Hisham ɗan Abdulmalik ya sa aka kashe, ba su mutu a kan shimfiɗarsu ba.

Jabariyya suka ce mutum kamar gashin tsuntsu yake a iska, Mu'utazilawa suka ce shi ke halittar ayyukansa, har Abul Hasan al-Ash'ari, bayan shekarun da ya yi gaban malaminsa al-Jubba'i, ya rabu da Mu'utazilanci ya zo da kasbu: Allah ke halittar aiki, bawa kuwa da kasbinsa ake yi masa hisabi. Kasbun nan, a faɗi gaskiya, ya yi siriri har Larabawa na buga misali da ɓoyuwarsa. Amma duk sirantarsa bai sauke wa kowa alhaki ba.

Abin da ke damuna ke nan da mai motar haya wanda ya san birkinsa ya lalace, ya loda fasinja har kan rufi, sa'an nan, bayan an kai mutane makwancinsu, ya zo gidan makoki yana cewa ƙaddara ce. Kalmar da uwar mamaci ke haƙuri da ita, shi da ita yake wanke hannu.

A shekara ta 18 bayan Hijira, da Sayyidina Umar ya sami labarin annoba ta ɓarke a Sham, yana kan hanyar zuwa can, sai ya juya da jama'arsa daga wani wuri da ake kira Sarag. Da Abu Ubaida, shugaban runduna, ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ba shi amsa da misalin makiyayin raƙuma, wanda ko gefen kwari mai ɗanyar ciyawa ya zaɓa ko busasshe, cikin ƙaddarar Allah ya yi kiwo. Umar ya koma Madina. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, kuma a cikin wannan annoba ta Amwas Allah Ya yi masa rasuwa.