Agogo Bai San Ɗan Wane Ba

Tun ƙarshen kakar 2022, da ƙungiyar Haas ta sallami Mick Schumacher ta ɗauki Nico Hülkenberg, ba a daina yi masa kuka ba. Masu kukan suna cewa an gaggauta yanke masa hukunci, kuma sunan mahaifinsa ne ya zame masa kaya. Ban yarda ba. Masu wannan ta'aziyya sun shiga gidan da ba a yi rashi ba.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Yana yaro ya yi tseren ƙananan motocin kart da sunan dangin mahaifiyarsa, Betsch, don ya kauce wa 'yan jarida. Yana da shekara 14 mahaifinsa Michael, zakaran duniya har sau bakwai, ya yi mummunan haɗari wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Faransa, cikin Disambar 2013. Duk da wannan jarrabawa, Mick ya lashe Formula 3 ta Turai a 2018, ya lashe Formula 2 a 2020. Wanda ya ce suna kaɗai ya kai shi Formula 1 bai yi adalci ba.

Sai dai isa daban, zama daban. A 2021 motar Haas ce kurar baya, don haka ba wanda ya tuhume shi da ya tashi babu maki. A 2022 motar ta ɗan gyaru. Kevin Magnussen, wanda aka kirawo cikin gaggawa bayan ya shekara ba ya gasar, ya tara maki 25 da ita. Mick ya tara 12. Ga kuma haɗarin Jidda da na Monako, inda motar ta rabu biyu. Tun 2021 an ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, saboda haka duk motar da aka farfasa, daga kuɗin inganta ta gaba ake biyanta. Ƙaramar ƙungiya da ta yi wannan lissafin ta nemi gogagge, ina zaluncinta?

Batun nauyin suna ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Damon Hill ya rasa mahaifinsa Graham a haɗarin jirgin sama a 1975, iyalin suka shiga matsin hannu, har ya yi aikin kai saƙo a kan babur a Landan. Bai shiga Formula 1 ba sai a 1992, ya zama zakara a 1996. Jacques Villeneuve, wanda mahaifinsa ya mutu sakamakon haɗari a filin tsere a 1982, ya ci a 1997. Nico Rosberg ya ci a 2016. Max Verstappen ya wuce inda mahaifinsa Jos ya tsaya nesa ba kusa ba. Suna bai danne ko ɗayansu ba.

Bahaushe ya ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, kuma a wannan wasa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma me ake gada? Ba jini ba ne. Kuɗi ne, da fara tuƙi tun ana ƙarami, da uban da manyan ƙungiyoyi ke amsa kiransa. Mick ya shiga makarantar matuƙan Ferrari a 2019. Da Haas ta sallame shi, Mercedes ta ɗauke shi matuƙin ko-ta-kwana, daga baya Alpine ta ba shi mota a gasar dogon zango. Wannan ita ce faɗuwar da ake yi wa kuka.

Ku kwatanta da Esteban Ocon, ɗan bakanike, wanda iyayensa suka sayar da gidansu suka koma kwana a motar tirela domin ya ci gaba da tsere. Ko Lewis Hamilton, wanda mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka da yawa kafin McLaren ta ɗauki nauyinsa a 1998. Mun san sunayensu ne don cacar ta ci. Yaran da iyayensu suka sayar da komai kuɗin ya ƙare a hanya, ba mai rubuta musu sharhi.

An bai wa Mick kaka biyu cur, a ɗaya daga cikin kujeru 20 kacal, agogo ya auna shi kamar yadda yake auna kowa. Idan akwai zalunci a wasan nan, a ƙofar shiga yake: wa ake bari ya iso gaban agogon tun farko?