Yadda Harshen Manoman Finlan Ya Shiga Fada

A wannan mako filin namu zai nufi can ƙuryar arewacin Turai, ƙasar Finlan, wadda mutanenta suka ɗan haura miliyan biyar da rabi. Su da kansu suna kiran ƙasarsu da harshensu Suomi, amma mu a nan sai mu ce Finlanci. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne, harshe ne da ya yi ɗaruruwan shekaru ba a shiga kotu da shi, ba a rubuta takardar hukuma da shi, yau kuwa da shi ake mulki, da shi ake karatu har jami'a.

Da farko dai Finlanci bare ne a cikin maƙwabtansa. Ba shi da dangantaka ta asali da Suwidanci ko Rashanci ko Ingilishi. Danginsa su ne harsunan Ural. Ɗan'uwansa na kusa shi ne harshen Istoniya, na nesa kuwa harshen Hungari. Ba ya bambanta namiji da mace wajen lamiri, kalmar “hän” ita ce shi, ita ce ita. Sa'an nan inda mu kan ce “cikin” ko “daga”, su ɗafi suke liƙa wa suna a ƙarshe: “talo” gida ne, “talossa” a cikin gida, “talosta” daga cikin gida. Akwai kuma inda ya yi kama da Hausa, watau jan wasali da nanata baƙi suna sauya ma'ana. “Tuli” wuta ce, “tuuli” iska, “tulli” kwastan. Bambancin shi ne su suna rubuta dogon wasali sau biyu, alhali mu garin da ake zama da garin da ake tuwo duk rubutunsu ɗaya.

To, yaya aka yi harshen ya zama na talakawa? Dalili shi ne Finlan ta yi shekaru wajen ɗari shida a ƙarƙashin sarautar Suwidin. Saboda haka shari'a da mulki da Suwidanci ake yinsu, ilmi mai zurfi kuwa da Latin. Ɗan manomin da ya yi karatu sai ya ajiye harshen uwarsa a ƙofar makaranta, sau da yawa ma har sunansa ya sauya.

Wanda ya fara ɗora harshen a kan takarda shi ne Mikael Agricola, limamin Kirista da ya yi karatu a Wittenberg ta Jamus, daga baya ya zama bishof na Turku. Wajen 1543 ya buga littafin koyon karatu, a 1548 ya fitar da fassarar Sabon Alkawari. Ya rasu ran 9 ga Afrilu 1557, shi ya sa har yau wannan rana ita ce ranar harshen Finlanci. Duk da haka harshen bai wuce coci da gona ba har tsawon shekaru kusan ɗari uku.

Al'amura sun juya a 1809, lokacin da Rasha ta ƙwace ƙasar daga hannun Suwidin. Masu ilmi suka tsinci kansu a tsaka mai wuya: an raba su da Suwidin, ga shi ba sa son narkewa cikin Rasha. Sai suka waiwayi harshen da suka raina. A 1831 aka kafa Ƙungiyar Adabin Finlanci. Wani likita, Elias Lönnrot, ya dinga bin ƙauyukan Kareliya yana rubuta tsofaffin waƙoƙi daga bakin mawaƙa, ya harhaɗa su ya fitar da Kalevala a 1835, ya kuma faɗaɗa shi a 1849. Nan masu cewa harshen ba shi da adabi suka rasa ta cewa.

Kada mai karatu ya zaci abin ya zo da sauƙi. A 1850 hukuma ta hana buga littattafai da Finlanci in ba na addini ko na tattalin arziki ba, sai a 1860 aka soke wannan doka. A 1858 aka buɗe makarantar sakandare ta farko mai koyarwa da Finlanci a Jyväskylä. A 1863 kuma, bisa naciyar masani J. V. Snellman, Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya sa hannu a dokar da ta ba harshen damar shiga ofis da kotu, aka ba ma'aikata wa'adin shekara ashirin su shirya. A 1906, da Snellman ya cika shekara ɗari da haihuwa, dubban mutane suka mai da sunayen zuriyarsu na Suwidanci zuwa Finlanci.

Sauran aiki shi ne na kalmomi, domin harshen da zai riƙe ofis da asibiti dole ya sami sunan kowane abu. Maimakon aro barkatai, sai suka riƙa ƙira daga nasu tushen. Tarho “puhelin” ne, daga kalmar magana. Kwamfuta “tietokone” ce, watau injin sani.

Finlan ta sami 'yancin kai ran 6 ga Disamba 1917. Tsarin mulkin 1919 ya amince da Finlanci da Suwidanci duka a matsayin harsunan ƙasa, ko da yake masu Suwidanci yanzu kimanin kashi biyar cikin ɗari ne. Watau da Finlanci ya hau gado bai kori wanda ya danne shi ba.

Daga littafin Agricola zuwa wannan tsarin mulki shekara 376 ke nan. Yawan masu magana bai taɓa yi wa harshen ƙaranci ba, tun can su ne mafi rinjaye a ƙasar. Abin da ya rasa shi ne littafi da makaranta da doka, kuma kowannensu sai da wani ya tsaya ya yi masa wahala. Sai mako mai zuwa.