Ƙibar mai ciki ba ita ce shaidar lafiya ba

A ƙasar da ta ga farin 1973 da 1974, ta ga na 1984, ta kuma sha wahalar ƙarancin cimaka a 2005, ba abin mamaki ba ne idan jama'a suka ɗauki ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali. Macen da ta yi jiki, cewa ake mijinta ya iya riƙo. Wadda ta rame kuwa, sai a shiga tambayar abin da ke damun gidan. In mai ciki ce ta cika ta batse, sai uwar miji ta yi murna, maƙwabta su yi ta sa albarka, a ce ɗan da ke tafe zai zo da ƙarfinsa. Wannan tunani yana da tushe, domin yunwa ta daɗe tana cin mata da jarirai, kuma har yanzu ba a gama yaƙi da ita ba. Amma akwai wata cuta ta daban da ke samun wurin zama a gidajen da abinci ya wadata, musamman a birane irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, inda shinkafa da burodi da lemun kwalba suka soma ture gero da dawa. Ita ce ciwon sukari na masu ciki.

Ya kamata a fahimci yadda wannan cuta take samuwa, domin ba sammu ba ne, ba kuma laifin mai cikin ba ne. Duk abincin da mutum ya ci, tuwo ne ko fura ko shinkafa, jiki yakan mai da mafi yawansa sukari ya zuba cikin jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin da wata gaɓa a bayan tumbi take fitarwa, aikinsa shi ne shigar da sukarin nan cikin tsoka da sauran sassan jiki don ya zama ƙarfi. Idan ciki ya wuce rabi, mabiyiya takan riƙa fitar da wasu sinadarai masu rage kaifin insulin, domin a bar wa ɗan tayi rabonsa a cikin jinin uwa. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya rufe giɓin. Wasu kuwa jikinsu ba ya iya cim ma buƙatar, sai sukari ya taru ya wuce ƙima. Ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta a 2021 cewa cikin kowace haihuwa 6 a duniya, 1 tana zuwa ne daga uwar da sukarin jininta ya hau lokacin ciki. Ke nan ba ƙaramar magana ba ce.

Sukarin da ya yi yawa a jinin uwa yakan ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuma ya mai da shi kitse. Ta haka ake samun jariri mai kilo 4 ko fiye. A wurin suna ana yaba irin wannan jariri, amma a ɗakin haihuwa ba a yi masa dariya. Kai yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale, naƙuda ta yi tsawo, uwa ta yage ko ta zubar da jini mai yawa, ko kuma a kai ga fiɗa cikin gaggawa. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, cutar da ta raba mata da dama da gidajen aurensu. Shi ma jaririn, da zarar an yanke cibiya sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ko numfashi ya yi masa wuya. Wani lokaci ma ɗan yakan mutu a ciki ana dab da haihuwa. Ita kuwa uwa, ciwon yana ƙara mata hatsarin hawan jini na masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga.

Babban abin tsoro game da wannan cuta shi ne sau da yawa ba ta da wata alama. Ƙishirwa, yawan fitsari da kasala, kowace mai ciki ta san su, balle a watannin zafi. Saboda haka ido ba ya gano ta, komai ƙwarewar tsohuwar da ke gida. Awon jini kaɗai ke gano ta. Lokacin da aka fi yin awon shi ne tsakanin mako na 24 da na 28, watau daga ƙarshen wata na 6 zuwa cikin na 7. Mace takan je da safe ba ta karya ba, a ɗebi jininta, a ba ta gram 75 na sukarin awo cikin ruwa ta sha, a sake ɗiba bayan awa 1, a kuma ɗiba bayan awa 2. Bisa ma'aunin da Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince da shi a 2013, idan awon farko ya kai gram 0,92 cikin litar jini, ko na biyu ya kai 1,80, ko na uku ya kai 1,53, to ciwon ya tabbata. Waɗanda ya fi wajaba su nemi awon tun da wuri su ne macen da ta kai shekara 35, da wadda ta shiga ciki da ƙiba, da wadda uwarta ko ubanta ke da ciwon sukari, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai kilo 4, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a san dalili ba.

Wannan ba ya nufin mai ciki ta guji ƙarin nauyi. Dole ne nauyinta ya ƙaru, domin akwai ɗan, da mabiyiya, da ruwan da yake kwance a ciki, da ƙarin jini, da tanadin shayarwa. Abin nema shi ne ƙari daidai wa daida. Ma'aunin da masanan Amurka suka fitar a 2009, wanda lokotoro a ƙasashe da yawa ke aiki da shi, ya nuna macen da ta shiga ciki da matsakaicin jiki za ta ƙara kilo 11,5 zuwa 16 daga farko har haihuwa. Ramammiya, kilo 12,5 zuwa 18. Mai ɗan jiki, kilo 7 zuwa 11,5. Mai ƙiba sosai kuwa, kilo 5 zuwa 9. Ga mai matsakaicin jiki, wannan yana kamawa ƙasa kaɗan da rabin kilo kowane mako a watannin ƙarshe. Shi ya sa hawa sikeli ranar awon ciki ba al'ada ce kawai ba, kuma abin da aka rubuta cikin karnen awo ya cancanci a karanta shi. In nauyi ya tashi farat ɗaya cikin ƴan kwanaki, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, to wannan kumburi ne, ba ƙiba ba, kuma ba a kwana da shi a gida.

Kurakurai biyu ne suka zama ruwan dare. Na farko shi ne cewa mai ciki tana ci ne don mutum biyu, saboda haka a ninka mata akushi. Gaskiyar magana, a watanni 3 na farko kusan ba ta buƙatar ƙari, a na ƙarshe ma abin da take buƙata bai wuce misalin kofin nono da danƙin gujiya biyu a kan abincinta na kullum ba. Kuskuren yakan yi ƙamari lokacin goyon ciki. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta wajen wata na 7, a hana ta ɗaga ko tsinke, a yi ta kawo mata fura mai zaƙi, da kunu, da shayi, da fanke, duk don ƙauna. To, wannan wata na 7 shi ne daidai lokacin da jikinta ya fi kasa sarrafa sukari. Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: wasu mata sukan rage ci da gangan don kada ɗan ya yi girma ya ba su wuya. Wannan shi ke kawo ƙarancin jini, da jariri ɗan ƙarami wanda bai kai kilo 2,5 ba, mai saurin kamuwa da cuta. Ɗura da horon yunwa duka ɓata ne.

Abin farin ciki, maganin farko yana cikin rumbu da kasuwar gari, ba sai an nemo shi daga waje ba. Tuwon gero ko na dawa wanda ba a surfe shi har ya yi fari fat ba ya fi farar shinkafa da makaroni da burodi jinkirin zuba sukari cikin jini. Wake abinci ne mai daraja ga mai ciki, haka zogale, rama, yakuwa, kuka da kuɓewa. A haɗa da ƙwai, kifi, nama ko nono gwargwadon hali. A rage gudan tuwo, a yawaita miya da ganye. Maimakon a cika ciki sau biyu, gara a raba abincin gida 3 da ɗan abin taɓawa a tsakani. Mangwaro, gwanda, lemu da dabino ba haramun ba ne, amma kaɗan-kaɗan, kuma a ci su ya fi a matse su a sha. Inda ɓarna ta fi yawa shi ne abin sha. Lemun kwalba irin na kola mai santilita 33 yana ɗauke da wajen gram 35 na sukari, watau ƙwaya 6 zuwa 7. Zoɓo da lemun citta na ƙulli da shayin da ake sha zagaye uku ba su fi shi sauƙi ba idan an cika musu hannu. Fura abincin gado ce mai kyau, amma a dama ta da nono, a bar sukari a gwangwaninsa.

Motsa jiki ma magani ne. Macen karkara da ke daka da ɗibar ruwa ba ta buƙatar ƙari, hutu ma take buƙata. Amma ta birni da ke wuni zaune a gida ko a wurin aiki, tafiyar minti 30 kowace rana, da sanyin safe ko bayan cin abinci, tana rage sukarin jini, sai fa in lokotoro ya hana saboda wani dalili. Wajibi ne kuma a ja kunne game da ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a hannun ƴan talla. Wasunsu suna tada sukari da hawan jini kai tsaye, kuma babu mai ciki da ya kamata ta kusance su. Game da azumi, addini ya yi wa mai ciki rangwame idan akwai tsoron cutuwa gare ta ko ga ɗanta. Wadda aka samu da ciwon sukari kada ta ɗauki azumi sai ta shawarci lokotoro.

Wadda awo ya nuna tana da ciwon kada ta firgita. Mafi yawan mata gyaran abinci da tafiya sukan ishe su. Waɗanda bai ishe su ba akan ba su ƙwaya ko allurar insulin, kuma allurar ba ta cutar da ɗan tayi. Abin da ba ya halatta shi ne a bar maganin likita a koma ga jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Irin wannan mace a gidan haihuwa ya kamata ta sauka, inda za a duba jaririn, a kuma sa shi a nono tun sa'ar farko. Galibi ciwon yakan tafi bayan haihuwa, amma yakan bar gargaɗi, domin da yawa daga cikin matan nan sukan kamu da ciwon sukari na dindindin bayan wasu shekaru. Don haka idan an yi arba'in, a koma a sake awon jini tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa, a kuma ci gaba da yi lokaci-lokaci. Shayarwa tana cikin abubuwan da ke rage wannan hatsari.

Hukuma tana da nata kason. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 kuma ta ɗauke na awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2016 OMS ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu, maimakon sau 4 na da. Amma yawan zuwa ba shi da amfani in an je ba a tarar da kayan aiki ba. Bai kamata awon sukari ya tsaya a matarnite Issaka Gazobi ta Yamai da cibiyoyin uwa da ɗa na manyan biranen jihohi ba. Kowane gidan likita na karkara ya cancanci sikeli mai aiki, da na'urar awon hawan jini, da ƴar na'urar awon sukari tare da kayanta. Ungozomomi su sami horo, su kuma yi wa mata bayani da harshen da suke ji, da misalin ludayi da ƙwarya da tiya, ba da kalmomin da sai wanda ya yi lakkwal zai gane ba. Gidajen rediyo su ba da fili, kada a jira sai ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ciki ba ita ke yin cefane ba a yawancin gidaje, ba kuma ita ke yanke shawarar fita ba. Maigidan da ke shigowa da lemun kwalba don ya faranta wa matarsa rai, da ya sayo mata ƙwai da wake da ganye da kuɗin, da ya fi yi mata alheri. Da ya ba ta izini da kuɗin mota ta je awo a kan lokaci, da ya fi kowa cin riba. Uwar miji da uwar ɗiya, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa nauyi a ɗakin mai ciki, su riƙa tambayar abin da awo ya nuna kafin su yaba cikar jiki. Kunyar cikin fari kuma kada ta hana yarinya zuwa gidan likita har sai tafiya ta yi nisa. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙasa ba ta ginuwa sai da uwaye masu lafiya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.