Sarki Ba Ya Sayen Tunawa Da Sunan Gari

Akwai masu cewa wai sarakunan Rumawa sun yi dabara da suka liƙa sunayensu a kan birane, don ga shi sun mutu amma har yau ana ambatonsu. Wannan zance ne na 'yan fada, kuma ba shi da tushe.

A duba Saragosa ta ƙasar Sifen. Asalin sunanta Kaisar Agusta, Larabawan Andalus suka mai da shi Sarakusɗa, bakin mutane ya yi ta cinsa har ya zama yadda yake yau. Haka Kaisari ta ƙasar Turkiyya daga Kaisar ta fito, Edirne kuwa daga Sarki Hadiriyan. To, cikin masu saye da sayarwa a kasuwannin nan, mutum nawa ne ke tuna wani sarki in ya faɗi sunan garinsu?

Ga Ɗabariyya ma, wadda Hirudus Antifas ya gina a bakin tafkin Galili, ya sa mata sunan Sarki Tibariyas don neman fada. Da sunan garin nan ake yi wa Imam Ɗabarani laƙabi. Almajirin da ya ji sunan, hadisi ke faɗo masa a rai, Tibariyas kuwa ko labarinsa bai ji ba. Malami ya gaje sunan, mai shi ya tashi a tutar babu.

Waɗannan ma sun yi sa'a. Hadiriyan ya sake gina birnin Ƙudus, ya raɗa masa Iliya Kafitolina don ya binne sunansa na da. Iliya ya daɗe, har ya shiga littattafan Larabci, amma ƙarshenta ya gushe daga bakin jama'a. Komodus kuwa ya wuce gona da iri: cikin shekarar 192 ya ɗora wa birnin Rum kansa sunansa, ya sake wa watanni goma sha biyu suna. Ran ƙarshe na shekarar nan aka shaƙe shi a wurin wanka, majalisar dattawa ta la'anci sunansa, Rum ta koma Rum.

Ashe sarki yana iya raɗa suna, amma riƙonsa na hannun talakawa. In sun so su tauna shi har ya ɓace kama, in sun ƙi su tofar. Mai mulkin da ke son a tuna da shi, sai ya haƙa rijiya, ya tsare adalci a shari'a. Sarki goma, zamani goma.