Facebook ba rumbunka ba ne

Ƴan uwa matasa, zan faɗa ko da za ku ji haushi: duk wanda ya bar aikinshi cikin ordinater guda ko portabul kaɗai, sakaci yake yi.

Amsa guda nike ji kullum: "Ai na saka a Facebook, ai yana cikin Google Drive." To, a Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na waya kusan kwana 10 a ƙasar nan. Wa ya kai ga ajiyarshi a lokacin? Rumbun da makullinshi ke hannun wani ba naka ba ne.

Na'urar ma ba ta da tabbas. Zafi, ƙura da yankewar kuran suna kashe ta, ɓarawo na ɗauka, ana iya ƙwace ta. Da ita za a tafi da rahoton ƙungiya, hotunan taro da memwar ɗinka ta jami'a. In shaida ta ɓace, sai a ce ba a yi ba.

Sayi kile USB biyu, don kile ma tana mutuwa. Kwafa duk Juma'a, ka buɗe ka tabbatar ya shiga. Guda a gida, guda wajen amintacce. Sa musu kalmar sirri, sunayen mutane na ciki.

Akwai kuɗin forfe, babu na kile? Haba!