Wane Rediyo Ya Dace Da Mai Kwale-kwale?

Wannan makon ni alƙalami ya faɗo wa, kuma bakin kogi zan ja ku.

Ina da kawu da yake ɗibar yashi da kwale-kwale a kogin Kaduna, ta wajen Rafin Guza. Da bazarar da ta wuce ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi bokon lantarki, zaɓo mini rediyon da zan riƙa shiga ruwa da shi. Na ji an ce yanzu har ranar da hadari zai taso ana faɗa." Difloma gare ni a fannin lantarki, saboda haka a danginmu ko tocila ce ta mutu ni ake nema. Na ce, "Kawu, ai wayarka ma tana da rediyo, me za ka yi da wani akwati?" Ya dube ni bai ce komai ba. Ba a yi mako biyu ba wayar ta sulɓe daga aljihunsa ta yi ƙasan kogi, ta tafi da lambobin duk masu tifar da suke sayen yashinsa. Tun daga ranar na koma na yi wa tambayarsa karatun ta-natsu.

Abin da na tsaya a kai shi ne ƙaramin rediyon nan na talaka, irin su Kchibo da ake jerawa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda ake sa wa batir, kuma yake kama matsakaicin zango da gajeren zango ban da FM. Na san wasu za su ce wannan ai rediyon maigadi ne da makiyayi. Shi ɗin nake nufi.

Waya ba ta dace da ruwa ba, ko da ba ta faɗa ba. Rediyon da ke cikin mafi yawan wayoyi FM kawai yake kamawa, kuma sai an soka masa iyafis, domin igiyar iyafis ɗin ita ce eriyarsa. Mutumin da hannunsa biyu ke kan gora ko filafili, ƙafarsa cikin laka, ba shi da inda zai rataya igiya. Ga caji, ga tsada idan ta salwanta. Shi kuwa FM, tafiyarsa kusan miƙe take kamar haske. Tudu yana tare shi, kuma kogi a kwari yake. A cikin garin Kaduna ba za ka ji bambancin ba, tashoshi sun kewaye ka. Amma mai kamun kifi da ya gangara can wajen madatsar Shiroro, ko mai fito a ƙauyen da ke nesa da birni, shi ya san yadda murya take dusashewa tana dawowa. Matsakaicin zango yana bin doron ƙasa ya yi nisa, da dare ma ya ƙara nisa. Gajeren zango kuwa sama yake bi ya sauko, shi ya sa iyayenmu suka yi shekaru suna jin Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, a kan mita 49 tun daga Ghana har Sudan.

Akwai wani amfani na matsakaicin zango da ba a rubuta a jikin kwali ba, kuma shi ya fi burge ni. Duk walƙiyar da aka yi tana watso igiyar lantarki, rediyo mai kama AM kuma yana jin ta a matsayin ƙarar nan ta "ƙarrr, ƙas-ƙas" da muke tsaki idan ta katse mana labarai. FM an ƙera shi ne don ya tace wannan ƙarar, shi ya sa yake fita tas. To ga mai kwale-kwale ƙarar ita ce labarin. Idan ka murɗa zuwa inda babu tasha, ka ji tsattsagewar tana zuwa jifa-jifa, hadari yana nesa. Idan ta fara yawa tana ƙara ƙarfi, yana matsowa, ko da sararin da ke kanka fes yake. Hadarinmu na farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, yawanci da yamma, kuma iska ce take riga ruwan isowa. Ita ce take kifar da jirgi, ba ruwan saman ba. Mutumin da ya samu gargaɗi tun yana tsakiyar kogi ya isa ya kai gaɓa.

Eriyar matsakaicin zango kuma a cikin akwatin take, wani ɗan baƙin sanda ne da aka naɗe da waya. Ba sai ka zaro doguwar eriyar ƙarfen nan ba. Kana iya ƙulle rediyon cikin farar leda biyu, ka ɗaure shi da igiya a jikin katakon zama, yana magana abinsa. Idan murya ta yi ƙasa, akwatin za ka juya gaba ɗaya har ta fito. Wanda yake tsaye a tsakiyar ruwa ana walƙiya, shi ne abu mafi tsawo a wurin, bai kamata ya ƙara wa kansa sandan ƙarfe ba. Mai jirgin inji kuma ya sani cewa tartsatsin fulogi yana shiga AM, sai ya nisanta rediyon da injin, ko ya saurara kafin ya tayar.

Batun batir ba zan daɗe a kai ba. Mai caji da mai sola suna da kyau ranar da akwai wuta da rana. Wanda yake karɓar batir na shago shi ne ba ya ba da kunya a watan Agusta. Idan an samu mai haɗa biyun, madalla. Wanda nake gudu shi ne mai memori da ƙaton sifika. Na ga yadda ake yi da shi a bakin kogi: a cika kati da waƙa da wa'azi, a shekara ba a murɗa tasha ba. Wani mai shago ya so ya sayar mini da irinsa, yana rantsuwa ruwa ba ya shigarsa. Na juya bayansa na ga murfin batir ko roba babu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na saya wa Kawu rediyon, ya yi kwana goma yana saurare, sai ya ce mini, "Ɗana, akwatin lafiya lau, amma ba da ni suke magana ba." Na zauna na saurara da kaina, na gane abin da yake nufi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku-uku, tana kuma fitar da na damina gaba ɗaya a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA tana fitar da nata kan ambaliya. Aikin ana yin sa. Amma idan ya iso kunnen mai sauraro, yakan zo ne a wutsiyar labarai, yau a karanta gobe a tsallake, kuma da sigar "ana sa ran samun tsawa a wasu sassan jihar Kaduna." Jihar da ta taso daga Birnin Gwari ta kai Kafanchan, wane sashe? Da wane lokaci? Da iska ko babu?

Mai aiki a kogin Kaduna ma ba hasashen Kaduna kaɗai yake buƙata ba. Kogin daga tsaunukan Jos ya taso, kogin Galma kuma yana zubo masa ruwan yankin Zariya kafin ya shigo gari. Ana iya tafka ruwa a Filato, a nan ko ɗigo ba a yi ba, washegari ka tarar kogi ya cika ya yi ja yana janyo itatuwa. Mutanen Kigo Road da na Rafin Guza sun san wannan ba a littafi ba. Saboda haka na ce wa Kawu in ya ji an ambaci Filato ya kasa kunne kamar an ambaci ƙofar gidansa.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane cewa rediyo ba ya wuce maganar da aka zuba masa. A Ingila, bayan guguwar 1859 da ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Wales, mutum sama da 400 suka mutu, wani hafsan ruwa mai suna Robert FitzRoy ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861. Daga nan aka samo hasashen masu jirgi da BBC take karantawa kusan shekara ɗari ke nan: yankunan teku 31, kullum a jeri ɗaya, a lokaci sananne, da kalmomi ƙididdigaggu waɗanda kowacce take da ma'ana guda. Masunci ya san minti nawa zai jira kafin a zo kan yankinsa. A Amurka tashoshi aka ware, ba su da aiki dare da rana sai faɗar yanayi. Jiragen teku kuma suna da rediyon kira na VHF, da tasha ta 16 da aka keɓe don neman agaji. Na ga masu ba da shawarar a saya wa masu kwale-kwalenmu irin wannan. A teku yana ceton rai, domin akwai mai sauraro a ɗaya ɓangaren. A Rafin Guza in Kawu ya danna ya yi kira, wa zai amsa?

Kada in yi muku ƙarya, rediyo ba shi ne maganin yawancin haɗarin jirgin ruwan da muke ji ba. Jirgin da ya nutse a kusa da Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 lodi ne ya fi ƙarfinsa. Na Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamban 2021, wanda ya ci rayuka aƙalla 29, yawancinsu 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, shi ma lodi ne. Na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023 cikin dare ya faru, 'yan biki sama da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Hukumar NIWA ta sha hana tafiyar dare da shiga jirgi babu rigar kariya. In kuɗin mutum na abu ɗaya ne, rigar zai fara saya, rediyo ya biyo baya. Amma jirgin da aka cika maƙil, bakinsa saura taƙi ɗaya ya taɓa ruwa, iska kaɗan yake jira. A nan ne hadari da haɗari suke gamuwa, kuma a nan ne minti biyu na magana a rediyo za su iya sa direba ya ce a dakata.

Abin da nake so gidajen rediyonmu su yi bai kai kuɗin tallar magani guda ba. Minti biyu bayan sallar asuba, minti biyu da azahar, kullum, ba fashi. A bi koguna da madatsu da sunayensu a jeri ɗaya: Kaduna, Galma, Shiroro, Kainji, Tiga, Watari, Goronyo. A faɗa da Hausar da Sarkin Ruwa yake yi da mutanensa. Harshen nan ya bambanta yayyafi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya bambanta iska da guguwa, hazo da ƙura, cikar kogi da ambaliya. Sai ga shi ana fassara mana hasashe kalma bayan kalma, a ce "tsawa a warwatse", maganar da ban taɓa jin wani Bahaushe ya yi ta a bakin kogi ba. Cikinmu nan akwai masu rubuta wa gidajen rediyo wasan kwaikwayo da masu fassara labarai. Wannan ma rubutu ne, kuma ya fi gajeren labari wuya, don ba a yarda mai sauraro ya fahimce shi ta fuska biyu ba.

Kawu dai yana nan da akwatinsa cikin leda, ɗaure a jikin katako. Da safe yana jin labarai a FM kafin ya tura jirgi. Daga azahar sai ya mayar da shi AM, ya ajiye allurar a inda babu tasha, yana lodin yashi yana sauraron ƙarar. Yaran da suke aiki tare da shi sun yi ta yi masa dariya, wai tsoho yana jin gidan rediyon aljanu. Ranar wata Talata a watan Mayu ya ce su fito da wuri, suka fito suna gunaguni jirgi bai cika ba, suna cikin ɗaure shi iskar ta iso.