Motar 'Yan Makaranta A Minna: Wa Zai Zuba Mata Mai?

Duk wanda ya tsaya a shatale-talen Mobil da ke tsakiyar Minna da misalin ƙarfe bakwai na safe, ranar da ake makaranta, zai ga abin da ya isa ya sa shi tunani. Yara ne birjik cikin kayan makaranta, waɗansu sun nufi Bosso, waɗansu Tunga, waɗansu kuma sun ɓullo daga Kpakungu ko Maitumbi, kowa yana ɗaga wa mai Keke Napep hannu. Wanda ke da kuɗi ya shiga, wanda ba shi da shi ya taka sayyada, ya isa makaranta an riga an yi nisa a darasin farko. Garin Minna kuwa miƙaƙƙe ne, ya bi hanya ɗaya tun daga Chanchaga har Maikunkele, saboda haka yaron da gidansu ke wannan gefe, makarantarsa tana wancan, ba ƙaramar tafiya ke gabansa ba kowace safiya.

Wannan wahala ta daɗe, amma ta ƙara tsanani tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa wuce Naira 1,000. Bari mai karatu ya yi lissafi da kansa. A ce kuɗin keke Naira 300 ne zuwa, 300 dawowa, magidanci kuma yana da 'ya'ya uku a sakandare. Watau Naira 1,800 ke nan a rana, Naira 36,000 a kwana ashirin na makaranta cikin wata. Wannan ya haura rabin mafi ƙanƙancin albashi na Naira 70,000 da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024, ba a kuma zo maganar hatsi da cefane da kuɗin haya ba.

Idan lissafi ya ƙi, uba yakan zaɓi wanda zai tafi da wanda zai zauna, kuma sanin kowa ne yarinya ce ta fi zama, domin ba kowane uba ne zai saki budurwar 'yarsa ta yi doguwar tafiya a ƙasa ita kaɗai ba. Ga shi kuma tun da aka sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a watan Fabrairu na 2021, da na Islamiyyar Tegina a watan Mayu na shekarar, iyaye da yawa suka ja baya da makarantar kwana, suka koma ta jeka-ka-dawo, waɗansu ma suka baro ƙauyukansu na Shiroro da Munya da Rafi suka tare a Minna. Masu bukatar mota da safe sai suka ƙaru.

Saboda haka jama'a suka yi murna a 2023 da Gwamna Muhammad Umar Bago ya bayyana shirin sayen bas-bas 200 masu aiki da iskar gas, waɗanda za a raba tsakanin hanyar Suleja zuwa Abuja da garuruwan Minna da Bida da Kontagora, tare da alkawarin ɗalibai su riƙa shiga kyauta. Niyya ce mai kyau, ba kuma a Jihar Neja aka fara ba. Jihar Ondo ta soma ɗaukar ɗalibai kyauta a 2012 zamanin Gwamna Olusegun Mimiko, Jihar Kano kuma ta ware wa 'yan mata motocinsu zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka sāke farfaɗo da su bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a 2023.

To, amma fa a lura da kalmar nan ta farfaɗowa, domin ba a farfaɗo da abu sai ya suma. Tarihin motocin gwamnati a Nijeriya tarihin suma ne. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ta kafa shirin sufurin jama'a na birane, aka raba wa jihohi motoci. A watan Janairu na 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi shelar bas-bas 1,600 don rage raɗaɗin ƙarin kuɗin mai. Duk wanda ya san farfajiyar hukumomin sufuri na jihohi ya san yadda motoci irin waɗannan kan ƙare, an ɗora su bisa duwatsu, an cire tayar wannan an sa wa wancan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kasafin kuɗin gwamnati kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na ayyukan yau da kullum. Sayen mota yana cikin na farko, sau ɗaya ake yinsa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Gas da taya da batir da albashin direba da na makanike suna cikin na biyu, kowane wata sai an biya, babu kuwa mai tafa wa kowa a kansu. Motar haya tana ciyar da kanta daga aljihun fasinja. Motar kyauta kuwa ba ta da uwa ba ta da uba sai kasafi, ran da aka manta da ita a takarda, ran nan take mutuwa a kan hanya.

A nan ne maganar ta koma kan masu riƙe da makarantu. Yaron Minna ɗaya ne, amma iyayen gidansa a gwamnati suna da yawa. Firamare tana hannun Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma, ta Chanchaga ko ta Bosso, ƙarƙashin Sakataren Ilmi. A bisansu akwai Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha, watau SUBEB, wadda ta samo asali daga dokar ilmin bai ɗaya ta 2004. Dokar nan ce ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Babbar sakandare tana wuyan Ma'aikatar Ilmi ta Jiha. Ita mota kuma ta ma'aikatar sufuri ce. In ta lalace ran Talata, shugaban makaranta wa zai rubuta wa takarda?

Wannan rarrabuwa ma tana da tarihi. Bayan da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta na UPE a watan Satumba na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, yara suka zo fiye da yadda aka tanada, kuɗi ya kasa. A 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin, albashin malamai ya yi ta maƙalewa, a 1993 aka komo da hukumar. Darasin shi ne, duk sa'ad da aka ɗora wa wani nauyi ba a haɗa masa da kuɗin ɗaukarsa ba, yaro ne ke biya.

Akwai kuma wata ƙungiya da ta fi kowa kusa da yaron, amma ba safai ake tuntuɓarta ba, ita ce kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da SBMC, wanda Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta kimanin shekara ashirin da suka wuce. A cikinsa akwai mai unguwa, da shugaban makaranta, da wakilan malamai da iyaye da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai, har da su ɗaliban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan su suka san yaron da ke tahowa daga Sauka Ka Huta, da yarinyar da ta daina zuwa tun zangon da ya wuce, da mararrabar da yara ke tsallakawa cikin haɗari. Abin takaici, a wurare da dama ba a tunawa da kwamitin sai rufi ya kware ana neman gudummawa.

Ƙasar Barazil ta fuskanci irin wannan matsala, ta kuma yi wata dabara a 2004. Gwamnatin tsakiya tana tura wa hukumomin gundumomi kuɗin sufurin ɗaliban karkara bisa yawan yaran da aka ƙidaya a makarantu, kuɗin kuwa na mai ne da gyara da haya, sa'an nan wata majalisa da ta ƙunshi iyaye da malamai tana duba yadda aka kashe. Ita ma Jihar Neja ba baƙuwar irin wannan ba ce. Zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, daga 2007 zuwa 2015, an riƙa ba mazaɓu 274 na jihar kuɗi wata-wata, kwamitin mazaɓa ya zaɓi aikin da jama'arsa suka fi bukata. Kowane irin gyara shirin ya bukata, ya nuna ana iya saukar da kuɗi kusa da masu amfani da shi.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake. Da farko, kowane kwamitin makaranta a Chanchaga da Bosso ya ƙidaya ɗalibansa bisa unguwanninsu da nisansu, a tara wannan a ofishin Sakataren Ilmi, da shi za a zana hanyar mota da matsayarta, kada a zana daga ofis bisa zato. Na biyu, Majalisar Dokokin Jiha ta tabbatar akwai layi na musamman a kasafin kowace shekara mai sunan sufurin ɗalibai, a cikin ayyukan yau da kullum, har ma ta yi masa doka, don kada ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi. Na uku, a ambaci ofis guda wanda alhakin motocin ke kansa, kowane zangon karatu kuma a manna lissafi a allon makaranta: motoci nawa suka fita, kwana nawa, nawa aka kashe. Na huɗu, in motoci ba su wadata ba, a fara da 'yan mata da naƙasassu da 'ya'yan 'yan gudun hijira.

Sai dai akwai hattara guda biyu. Ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, daga wannan kaso kuwa albashin malaman firamare ke fita. Kada a ce za a yago kuɗin mota daga can. An ga abin da ya faru a Abuja, maƙwabciyar Neja, a 2025, inda malaman firamare suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki kan albashi. Motar da ta kai yaro ajin da babu malami ta yi asarar mai.

Na biyun kuwa shi ne adalci. Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25, ita ce kuma ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya. Yaron ƙauye a Borgu ko Mariga ba bas yake jira ba, domin ko hanyar babu. Shi makaranta yake so kusa da gida. Hatta a cikin Minna, ƙara azuzuwan ƙaramar sakandare a unguwannin da suka cika kamar Kpakungu da Maitumbi zai rage masu bukatar mota, aji kuwa ba ya shan gas, ba ya fasa taya.

Alkawari kaya ne. Wanda ya sayi doki ya san sai ya tanadi dawa da harawa da mai yankan ciyawa, in ba haka ba turke kawai zai rage masa. Iyayen yara da kwamitocin makarantu na Minna suna da haƙƙin zuwa zauren Majalisa lokacin da ake sauraron kasafi, su nemi a nuna musu layin nan da idonsu. Allah Ya sa a dace, Ya kuma tsare yaran a tafiyarsu da komowarsu, amin.